Tef Ɗin Awo da Hoton Marie Curie

A shekarar 1993 wata farfesar nazarin halittu a jami'ar MIT da ke Amurka, Nancy Hopkins, ta nemi a ƙara mata ɗan fili a ɗakin gwaje-gwajenta. Murabba'in ƙafa 200 kawai ta roƙa, inda za ta jera tankokin wasu ƙananan kifaye da take bincike a kansu. Aka yi ta ja mata rai. Da abin ya ishe ta sai ta samo tef ɗin awo, ta riƙa bin ɗakunan abokan aikinta da dare tana aunawa daga bango zuwa bango, tana rubutawa. Da ta haɗa lissafi sai ta ga ita da ta kai matsayin cikakkiyar farfesa, filinta bai kai na ƙananan malamai maza da ba su daɗe da kama aiki ba.

Abin da ya sa labarin nan ya tsaya mini a rai shi ne Hopkins ba ta rasa ƙwarin gwiwa ba. Ba ta buƙatar a nuna mata hoton wata gwarzuwa kafin ta san mace na iya kimiyya, ita kanta gwarzuwar ce. Fili ta rasa. Amma duk sanda aka tayar da zancen ƙarancin mata a kimiyya, maganin da ake fara miƙowa shi ne zaburarwa: a kawo wa 'yan mata labarin Marie Curie, masaniyar kimiyyar da ta ci kyautar Nobel sau biyu, a ce musu ku ma za ku iya. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Fabrairu a matsayin ranar mata da 'yan mata a kimiyya, a ƙarshen 2015, hotunan nan ne ke cika shafukan zumunta kowace shekara. Ni ban ƙi ba. Ina dai so a bambance cutar da wannan magani ke warkarwa da wadda ko taɓa ta ba ya yi.

Ƙididdigar UNESCO ta nuna kusan ɗaya cikin uku na masu bincike a duniya mata ne. Adadin ya haɗa fannonin da mata suka yi yawa, kamar likitanci da nazarin halittu, da waɗanda sai an baza ido kafin a hango mace, irin su fiziks da injiniyanci da kwamfuta. Masu cewa ai halitta ce, mace ta fi son aikin da ya shafi mutane, namiji ya fi son na'ura, a nan suke samun madafa. Sai dai tarihin kwamfuta yana kwance musu zani a kasuwa. Mata shida ne suka tsara wa ENIAC aiki a shekarun 1940, ɗaya daga cikin kwamfutocin lantarki na farko, a lokacin da ake kallon wannan aiki kamar na akawu. A 1984 mata suka karɓi kashi 37 cikin ɗari na digirin farko a ilimin kwamfuta a Amurka. Zuwa wajen 2010 sun koma kashi 18. Ƙwaƙwalwar mata ba ta sauya cikin shekara 25 ba. Masu nazarin lamarin sun fi danganta shi da lokacin da kwamfuta ta shiga gidaje ana tallarta a matsayin abin wasan yara maza, har yaro ya zo jami'a da sabo da ita, yarinya ta zo baƙuwa. A Malesiya kuwa, inda ba a ɗauki aikin kwamfuta na maza ba, mata sukan kai rabin ɗaliban fannin.

Hoton da ke cikin kai yana shiga da wuri. Tsakanin 1966 da 1977 wani mai bincike, David Chambers, ya sa yara kusan 5,000 su zana masanin kimiyya. Guda 28 kaɗai suka zana mace, kuma dukkansu 'yan mata ne. An ci gaba da maimaita gwajin, a shekarun baya-bayan nan zanen mata ya kai fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, sai dai yawansa na raguwa yayin da yaran ke girma. Wani gwajin na 2017 ya fi ba ni tausayi. Ana ba yara labarin wani mutum mai tsananin basira, ba a faɗi ko mace ce ko namiji ba, sai a nuna musu hotuna a ce su zaɓi wanda suke zato. 'Yan shekara 5, maza da mata, kowa jinsinsa yake zaɓa. Daga shekara 6 sai 'yan matan su fara janye hannu daga hoton mace. Abin mamaki, idan aka tambaye su wa ya fi cin jarrabawa a makaranta, sun san mata ne. Wato sun riga sun raba ƙoƙari da baiwa, sun riƙe ƙoƙarin sun bar wa maza baiwar. Masu wannan bincike sun kuma gano cewa fannonin da masanansu suka fi yarda cewa sai da baiwa ta haihuwa ake yin fice, kamar lissafi da fiziks, su ne mata suka fi ƙaranci a cikin masu digirin digirgir.

A wannan gaɓar zaburarwa tana da aiki, babu ja. Amma yarinyar da ta tsallake wannan siraɗi, ta yi karatun, ta fito da takardunta, wani ma'auni ke jiranta.

A 2012 wasu masu bincike a jami'ar Yale suka aika wa farfesoshi 127 na nazarin halittu da kemistiri da fiziks takardun wani ɗalibi mai neman aikin kula da ɗakin gwaje-gwaje. Takardun iri ɗaya ne kalma da kalma, suna kawai aka sauya: rabi sun ga John, rabi sun ga Jennifer. Aka ga John ya fi ƙwarewa, ya fi cancantar a ɗauka, ya fi cancantar a ja shi a jiki a koya masa aiki. Albashin da aka yanka masa ya haura dala 30,000 a shekara, na Jennifer kuwa wajen dala 26,500. Abubuwa biyu a cikin sakamakon sun fi kuɗin muhimmanci. Farfesoshi mata sun yi wannan fifiko daidai da maza. Sannan an ce Jennifer ta fi shiga rai, wato babu wanda ya tsane ta, ana ma sonta, ba a dai yarda da iyawarta ba. Wariyar zamanin nan ke nan. Ba ta zuwa da tsawa ko zagi, mai yin ta ma idan ka ce ya rantse zai rantse cewa cancanta kawai ya duba, kuma a zuciyarsa gaskiya ya faɗa.

Tun kafin wannan, a Suwidin, ƙasar da ake buga misali da ita wajen daidaito, wasu masana biyu mata, Christine Wennerås da Agnes Wold, sai da suka je kotu kafin a ba su takardun tantance masu neman tallafin binciken likitanci na 1995. Mata sun kusa rabin masu nema, amma cikin guraben 20 huɗu suka samu. Da suka gwada makin da alƙalan suka bayar da ainihin aikin da kowa ya wallafa, sai suka ga mace na buƙatar ta ninka aikin namiji sau biyu da rabi kafin a ba ta makin ƙwarewa irin nasa. Abu ɗaya da ke iya cike mata giɓin shi ne ta san wani a cikin kwamitin.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. A 2015 Wendy Williams da Stephen Ceci na jami'ar Cornell suka yi wani gwaji da ɗaruruwan farfesoshi, inda aka ba su bayanin masu neman kujerar koyarwa, kowanne gwani na gwanaye. A nan mace aka fifita, kusan biyu bisa ɗaya. Wasu suka ɗauki wannan suka ce shi ke nan, wariya ta ƙare. Ina ganin sun yi gaggawa. Ɗalibin da aka ƙirƙira a gwajin Yale mai kyau ne amma yana da ɗan rauni a takardunsa, kamar yawancin mutane. Na Cornell kuwa ba su da makusa. Idan ƙwarewa ta fito fili kamar rana, son rai ba ya samun ƙofa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma mafi yawan hukuncin da ake yanke wa mai bincike a rayuwarsa a cikin irin wannan tsaga ake yinsa: wa za a gayyata ya yi jawabi a taro, wa za a rubuta wa wasiƙar yabo mai zafi, wa za a sa sunansa a farkon maƙala, wa za a ƙara wa murabba'in ƙafa 200. Kowanne shi kaɗai bai kai a kai ƙara ba. Idan suka taru shekara 20 sai a wayi gari wannan yana da ɗalibai goma da manyan na'urori, waccan tana da uku, sannan a ce ai aikinsa ya fi nata yawa.

Sai batun wanda ke cin yabo: mace ta yi aikin, a jingina shi ga namiji. Masaniyar tarihin kimiyya Margaret Rossiter ta raɗa wa abin suna a 1993, ta kira shi tasirin Matilda, don tunawa da Matilda Joslyn Gage, wata 'yar gwagwarmayar 'yancin mata, wadda ta yi ƙorafi a kansa tun ƙarni na 19. Bahaushe ya riga ta: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Masaniyar fiziks Lise Meitner ta isa Berlin a 1907, lokacin da cibiyar kemistiri ta can ba ta barin mata su shiga ɗakunan gwaje-gwaje, don haka a wani tsohon ɗakin kafinta na ƙarƙashin gini ta fara aiki, da ƙofarta daban. Ta yi shekara 30 tana aiki da masanin kemistiri Otto Hahn. A 1938 ta gudu daga Jamus saboda asalinta na Yahudawa, daga gudun hijirar ne ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka bayyana cewa abin da Hahn ya gani a gwajinsa tsagewar ƙwayar zarra ce. Kyautar Nobel ta kemistiri ta 1944 Hahn aka ba shi kaɗai. Wata masaniyar fiziks, Chien-Shiung Wu, ita ta yi gwajin da ya tabbatar da hasashen wasu masana biyu maza, Lee da Yang, su biyun suka karɓi Nobel a 1957. Na Rosalind Franklin ya ɗan bambanta da yadda ake yawan ba da shi, don ta rasu a 1958 tana da shekara 37, shekara huɗu kafin a ba Watson da Crick da Wilkins kyautar kan gano sifar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, aikin da ita ma ta yi bincike a kansa, kuma ba a ba mamaci Nobel. Inda aka ƙware ta shi ne an nuna wa Watson hoton DNA da aka ɗauka a ɗakinta ba da saninta ba.

Ita kanta Curie da ake liƙa hotonta a bangon aji, wasiƙar da masanan Faransa suka aika don neman Nobel ta 1903 ba ta ambaci sunanta ba. Wani masanin lissafi ɗan Suwidin, Gösta Mittag-Leffler, shi ya tsegunta wa mijinta Pierre, shi kuma ya ce ba zai yiwu a bar ta a baya ba. A 1911, shekarar da ta ci Nobel ta biyu, Majalisar Kimiyya ta Faransa ta ƙi zaɓenta mamba, kuma sai 1979 majalisar ta zaɓi mace cikakkiyar mamba. Daga Curie a 1903 zuwa 2023, mata biyar ne kacal suka ci Nobel ta fiziks. Idan za a ba 'yan mata labarinta, a ba su har da wannan. In ba haka ba darasin da za su ɗauka shi ne duk macen da ta isa za a gan ta, wadda ba a gani ba kuwa ita ce ba ta isa ba.

Akwai kuma wurin da tulun ya fi yoyo, inda mata suka fi barin fannin, wanda ba shi da alaƙa da kunya ko rashin abin koyi. Shekarun da mai bincike ke gina sunansa, daga kammala digirin digirgir zuwa samun kujera ta dindindin, shekaru ne na kwantiragi gajere, ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, da tseren wallafa maƙalu. Su ne kuma shekarun haihuwa. Wani bincike na 2019 a Amurka ya bi diddigin ma'aikatan kimiyya da fasaha, ya ga kashi 43 cikin ɗari na mata sun bar cikakken aiki a fannin bayan haihuwar fari, maza kuwa kashi 23. Adadin mazan ma ba kaɗan ba ne, kuma yana nuna cewa an tsara aikin ne don mutumin da wani ke ɗauke masa hidimar gida. Gyaran ma yana son lura. Wasu jami'o'in Amurka sun ƙara wa duk malamin da ya samu ƙaruwa shekara guda kafin a tantance shi, mace ko namiji. Da aka duba sassan nazarin tattalin arziki na manyan jami'o'i sai aka ga maza ne suka ci moriyar tsarin, don da yawansu rubutu suka yi da shekarar, matan kuwa jego da reno suka yi, sannan aka auna su da ma'auni ɗaya.

To ina amfanin abin koyi? Yana da amfani, kuma an auna shi. A makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka ana raba ɗalibai ga malamai ta hanyar ƙuri'a, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya. Masu bincike suka ga jinsin malami bai sauya wa ɗalibai maza wani abin kirki ba, amma 'yan matan da suka fi ƙarfi a lissafi, idan mace ce ta koyar da su darussan farko na lissafi da kimiyya, giɓin da ke tsakaninsu da maza yakan rufe. A jami'ar Massachusetts an ba wasu 'yan mata 150 da ke shekarar farko a injiniyanci mai ja musu gora daga cikin manyan ɗalibai. Waɗanda aka haɗa da mace, ko ɗaya ba ta bar fannin ba a ƙarshen shekarar. A cikin waɗanda aka haɗa da namiji, kashi 82 suka tsaya. Abin da jagorar ta kare musu shi ne jin cewa nan wurinsu ne, wanda yakan zube a shekarar farko ko da maki na da kyau.

Lura da waɗannan matan da suka yi tasiri: malamar aji, da ɗalibar da ta girme ki da shekara biyu. Babu mai Nobel a cikinsu. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa tauraro yana zaburar da mutum ne idan yana ganin zai iya kaiwa inda ya kai, in ya yi nisa da yawa sai ya sanyaya gwiwa. A yankin Paris na Faransa an tura mata masu aikin kimiyya su yi awa ɗaya kacal a ajujuwan sakandare, gwajin ya shafi ɗalibai kusan 20,000. 'Yan matan ajin ƙarshe da aka ziyarta sun fi shiga fannonin da maza suka mamaye. Baƙin da suka fi yin tasiri kuwa su ne waɗanda suka bayyana yadda aikin yake da abin da ake samu a cikinsa, ba tare da sun yi ta nanata cewa mata ba su da yawa ba. Wannan ya sa ni kaina na yi jim, don rabin abin da na rubuta a nan irin wannan nanatawar ce. Amsar da na samu ita ce kowace magana da mai ita. Yarinya 'yar shekara 16 a nuna mata daɗin aikin da hanyar shiga. Labarin John da Jennifer kuwa na masu zama a kwamiti ne.

Su ɗin kuma akwai abin da za su iya yi ba tare da jiran zukata su sauya ba. Cibiyar da ke raba lokacin amfani da madubin hangen sararin samaniya na Hubble ta lura shekara da shekaru buƙatun da mata ke jagoranta suna faɗuwa fiye da na maza. A 2018 ta fara ɓoye sunayen masu nema, alƙalai su karanta shirin binciken kawai. A wannan zagayen giɓin ya ɓace. Hukumar bincike ta Tarayyar Turai kuma tana ƙara wa uwa wata 18 a kan kowane ɗa a wa'adin neman tallafinta. Jocelyn Bell Burnell, wadda tana ɗaliba 'yar shekara 24 a jami'ar Cambridge ta hango wani ɗan ƙazantaccen zane a doguwar takardar na'ura a 1967, abin da ya zama gano sabon nau'in taurari masu bugawa kamar zuciya, ta ga malaminta Antony Hewish ya karɓi Nobel a 1974 ba tare da ita ba. Da aka ba ta wata kyauta ta dala miliyan 3 a 2018, kuɗin gaba ɗaya ta bayar a biya wa mata da sauran waɗanda ba su da yawa a fiziks karatun digirin digirgir.

Hopkins kuwa da ta gama awonta, ta rubuta wasiƙa ta nuna wa wata abokiyar aikinta don ta duba mata. Matar ta karanta ta ce ita ma za ta sa hannu. A 1994 mata 16 cikin 17 masu kujera ta dindindin a ɓangaren kimiyya suka sa hannu, kowacce da ma tana zaton matsalarta ce ita kaɗai. Aka kafa kwamiti, ya auna albashi da fili da kuɗin bincike da kyaututtuka. Rahoton da ya fito a 1999 ya nuna cewa ƙananan malamai mata ba su ga wata matsala ba, sai da suka girma a aikin suka fara jin ana ture su gefe. Shugaban jami'ar, Charles Vest, ya amsa a rubuce cewa da yana ganin zancen wariya rabi gaskiya ne rabi zato, yanzu ya gane gaskiyar ta fi yawa nesa ba kusa ba. Aka gyara albashi, aka sake raba fili, aka ɗauki ƙarin mata, a 2004 Susan Hockfield ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'ar. Tef ɗin awon yana gidan tarihin MIT yanzu. Da aka sake bibiyar lamarin a 2011, yawan malamai mata a kimiyya da injiniyanci ya kusa ninkawa, sai ga wani sabon ƙorafi daga bakinsu: yanzu kuma ana raɗe-raɗin cewa don suna mata aka ɗauke su.